Mai Zama a Rajista ta Tara

La'asar ta yi sakaliya lokacin da Bahijja ta tare ɗan kilando, mai babur na haya, a bakin titin unguwarsu Milezi, ta ce ya kai ta unguwar Walia. Jakar kwamfuta na rataye a kafaɗarta, igiyar haɗi naɗe a wuyan hannunta. Baffa Lukumanu ya ce mata a waya ƙaramin aiki ne, kafin isha ta dawo gida.

Baffa Lukumanu ƙanen mahaifinta ne. Shi ya riƙe shagon gidansu bayan rasuwar mahaifin, ya juya shi ya koma kamfani, har ya samu kwangilar famfunan da ke kwashe ruwan ambaliya daga bayan shingen Walia suna mayar da shi kogin Shari. Famfunan daga waje aka sayo su. Amma ɗan allon da ke juya su, wanda bai fi tafin hannu ba, a ofishinsa aka rubuta masa tsari tun daga tushe. Bahijja ce ta rubuta, ita da abokin karatunta Alamin. A takardun kamfani sunan Baffa ne kaɗai. In baƙi suka zo ofis, ita ke kawo shayi.

Tun da damina ta yi nisa allon ya fara ciwo. Da rana lafiya lau. Da zarar rana ta faɗi, ya saki wutar sola ya koma kan batir, sai famfunan su rikice. Wata rana su tsaya cik. Wata rana su yi ta kuka ba sa jan komai. Sau ɗaya allon ya buɗe ƙofar ruwa ta baya, kogi ya shigo unguwa ya kwantar da katangun mutane.

Alamin aka fara turawa. Ya gano ɓarakar, ya gyara, ya koma gidansa a Atrone. Da ya shiga, ya dubi matarsa Fa'iza ya tambaye ta baƙuwar wa ce. Murya yana ganewa. Fuska kuwa, ko ta mahaifiyarsa, ta zame masa kamar bangon da aka shafe. Baffa ya ce ƙwaya yake sha, ya sallame shi. Da Bahijja ta je duba shi, ya zauna yana kallon gefen kanta, sai da ta yi magana ya san ita ce. Abu ɗaya ya gaya mata, da ƙaramar murya: "In an tura ki, kada ki rufe duka."

Ta ɗauka ciwo ne ke magana. Ba a jima ba allon ya koma gidan jiya.

A kan gada ta leƙa kogin. Ya cika ya batse, ja-ja-ja, yana tafe da rassan itace da wata kumburarriyar akuya. Can Walia mata na ɗora katifu a kan rufi. Maza na cusa ƙasa cikin buhuna suna jerawa a kan shinge, ruwan kuma yana lasar buhun sama.

Ɗan kilandon ya tsaya nesa da ɗakin famfo, ya ce hanya ta yi taɓo. Hanyar a bushe take. Ta sauka ba ta yi musu ba.

Ɗakin na siminti ne, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya can sama. Shi kaɗai yake tsaye a ƙarshen shingen, bayan gidajen masunta. Warin banda da hayaƙin itace ya raka ta har kusa, sai ya yanke. Daga nan sai warin laka, irin ta ƙasan rijiya.

Maigadin, wani dattijo mai suna Yunusu, yana naɗe tabarmarsa. Ba ya jin Hausa, da Larabci suka gaisa.

"Yanzu za ki shiga, 'yata?"

"Sai da magariba yake yi, Baba. Dole in gan shi da idona."

Ya dubi rana, ya dubi ƙofar. "Kafin a zuba siminti, rami ne a nan. Ko da rani ba ya ƙafewa. Masunta ba sa jefa taru a ciki." Ya saƙale butarsa. "Ni ba na sallar magariba a wajen nan. Ina masallacin can. Ki bar ƙofa a buɗe."

Ta bar ta a buɗe.

A ciki famfunan na gurnani, ƙasa na rawa a tafin ƙafarta. Kwan fitila ɗaya ne a rataye. Ruwa ya kwanta a siminti, sirara, bai kai ya jiƙa saman takalmi ba. Ta jawo wani akwatin katako ta zauna, ta buɗe ƙaramin akwatin ƙarfe da ke bango, ta soka igiyarta a jikin allon.

Aikin ta san shi kamar ɗakin kwananta. A cikin na'urar akwai wasu ƴan aljihuna da ake kira rajista, inda take riƙe lissafin da take kai. In wani abu ya katse ta, kamar sauyin wuta, dole ƙwayar tsarin, wadda su ke kira nuwayo, ta kwashe abin da ke cikin aljihunan ta jera a gefe, ta amsa kiran, sannan ta mayar da kowane abu inda ta ɗauko shi. In ta manta da aljihu guda, wani ya saka hannu a ciki, aikin zai ci gaba da lissafin da ba nasa ba. Wannan ɓangaren ba a rubuta shi da yaren sauƙi. Da asambula ake yi, layi-layi, kamar tsintar tsakuwa cikin shinkafa.

Ta ga gyaran Alamin. Rajista ta takwas ce aka manta, ya ƙara ta cikin jerin, aikinsa tsaf. Saura ta tara. Ita da gangan suka bar ta, tun farko, don babu layi ɗaya a duk tsarin da ke taɓa ta. Aljihu ne da babu kowa a ciki.

Wayarta ta yi ƙara. Baffa ne.

"Kin isa? Gobe da safe masu kwangila za su zo gani. Kada ki ba ni kunya, Bahijja. Na sha isasshe wurin wancan ɗan ƙwayar."

"Baffa, ruwa ya kai bakin shinge. In famfon ya tsaya yau..."

"Shi ya sa na tura ki. Me na biya miki makaranta don shi?"

Mahaifinta ne ya biya. Ta buɗe baki, ya kashe.

Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Fitilar ta lumshe, ta dawo. Wuta ta koma kan batir.

Famfunan suka shaƙe, suka yi tari, suka mutu.

Nan take ta danna ta tsayar da na'urar, don ta kama ɓarakar da hannu a ciki. Rajistocin suka jeru a fuskar kwamfuta, kowace da lambarta, daskare. Ta bi su da yatsa. Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai. Ta takwas daidai.

Ta tara tana motsi.

Bahijja ta matso da fuskarta. Na'urar a tsaye take. Agogonta ba ya bugawa. Babu abin da zai iya rubutu a ko'ina. Amma lambar tana hawa a hankali, ta tsaya, ta sauko a hankali, ta tsaya.

Ta jima tana kallo kafin ta gane abin da ya yi kama da shi. Numfashin mai barci.

Shiru ya cika ɗakin. Babu kwaɗi. Babu sauro. Kiran sallar ya yanke a tsakiya, kamar an ɗora tafin hannu a bakin ladan.

Ta waiga. Ƙofar a rufe take. Ba ta ji ƙarar rufewarta ba.

Sanyi ya taɓa idon sawunta. Ruwan ya hau. Ta sunkuya don ta ɗaga jakarta, sai ta ga fuska a cikinsa.

Ba tata ba ce. Fa'iza ce, matar Alamin, tana murmushi irin na amarya. Kusa da ita wata tsohuwa mai zane a kumatu. Sai wani yaro. Sai malamin da ya koyar da su lissafi. Suna shawagi a ƙarƙashin ruwan da bai wuce idon sawu ba, idanu a buɗe. A can gefe ta ga tata fuskar, ta shekarun makaranta, da tabaran da ta daina sawa.

Duk fuskar da Alamin ya taɓa sani tana nan.

"Sannu da aiki, ɗiyar mutane."

Daga bayan kunnenta muryar ta fito, da warin laka. Muryar tsohuwa ce. Hausa take yi, irin wadda Bahijja ta ji a bakin tsofaffin gidansu tun tana ƙarama, mai nauyi, wadda ba ta gauraya da komai ba.

Ba ta waiga ba. Wuyanta ya ƙi.

"Wa... wace ce?"

"Mai gida."

Lambar da ke kan kwamfuta ta yi sauri. Ta farka.

"Tun kakanninki ba su yada zango a garin nan ba nake cikin ramina. Aka zo aka zuba mini dutse a ka. Ba sallama. Muka rasa inda za mu raɓa, ni da ɗana, sai cikin ɗan abin nan. Ƙunci gare shi. Amma babu kowa."

"Alamin..."

"Yaron ya rufe wa ɗana ɗaki. Sai ɗana ya bi shi. Kayan da ya tarar a cikin kan yaron, ya sauke su nan." Ruwan ya motsa, fuskokin suka yi lilo. "Ni ce na rage."

Bahijja ta dubi allon.

"Kina juya famfon. Gidajen mutane na rushewa."

"Juyi nake cikin barci. Wanda ya kwanta a ƙunci yakan juya."

Daga waje, can nesa, kamar ta cikin bargo, ta ji ihu. Maza na kiran a kawo buhuna. Wata mace na ƙwala wa ƴaƴanta kira. Famfunan a mace suke, ruwan bayan shinge yana taruwa, na kogi yana turowa.

Gyaran bai fi layi biyu ba. A ƙara ta tara wurin kwashewa. A ƙara ta wurin mayarwa. Daga nan duk lokacin da wuta ta sauya, za a share aljihun a mayar da abin da aka sani. Babu sauran kusurwa.

Tana iya tashi. Tana iya cire igiyar ta ce ba ta gano ba. Baffa zai zage ta a gaban ma'aikata, ya nemo wani yaro mai neman aiki ya turo. Kafin nan Walia ta kwana cikin ruwa.

Ta ɗora yatsunta a kan madannai.

"Kada, ɗiyar mutane."

Ta rubuta layin farko.

Wani abu mai sanyi, mai santsi, ya kwanta a kan kafaɗarta. Yatsu ne. Sun yi tsawo da yawa.

Ta rubuta na biyu. Ta gyara lissafin jerin don kada ya karkace. Ta duba sau ɗaya, yadda aka koya mata, ko da hawaye ya rufe mata ido.

"Ba ni na zuba simintin ba," ta ce da raɗa.

"Na sani. Wanda ya zuba ba ya zuwa nan."

Ta danna.

Sabon tsarin ya shiga allon. Ƴar fitilarsa ta yi ja, ta yi kore. Rajista ta tara ta koma sifiri, ta tsaya.

Famfunan suka yi tari. Suka kama.

Kwan fitilar ya fashe.

Duhu.

Yatsun suka bar kafaɗarta, suka hau wuyanta, suka tsaya a bakin kunnenta na hagu.

"To, matsa mini."

Sanyin ya shiga.

Ba zafi. Kamar ruwan kogi ne ke bin wata hanya a cikin kanta, yana buɗe ƙofofi. Ta yi ihu, "Wayyo Allah, Inna!" Bakinta ne ya motsa, amma daga kusurwar ɗakin ta ji maganar ta fito.

Sai suka fara zuba. Sunayen abinci. Sunayen tsuntsaye. Waƙar da ake yi mata in za a yi mata kitso. Zagin wasa na ƴan'uwa. Yadda mahaifinta ke kiranta in ya dawo kasuwa. Tana ji suna fita ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa cikin ruwa, suna ci gaba da magana a can da muryarta.

Ta lalubi kalmar ƙofa. Babu.

Ta lalubi kalmar gudu. Babu.

Sanyin bai tsaya ba. Ya wuce ciki, yana taɓa sunanta.

Ta faɗi a kan gwiwoyi. Abin da ya rage a harshenta ta kama, na makarantar allo, na Larabci. Ta fara a'uziyya, ta sarƙe, ta sake. Ta kama Ayatul Kursiyyu tana ja kamar igiya.

Sanyin ya dakata.

Ta rarrafa. Ruwan ya riƙe hannayenta kamar ƙullu. Wani abu mai laushi ya taɓa tafinta, mai hanci, mai leɓe. Ta ci gaba. Goshinta ya bugi ƙarfe.

Ta daki ƙofar da hannu biyu.

A bayanta muryarta tana dariya, dariyar yarinya.

Ƙofar ta ɓalle. Hasken tocila. Hannu mai ƙarfi ya cafki mayafinta ya fisgo ta waje, ta faɗi a kan ƙasa busasshiya. Yunusu ne, yana haki, yana salati, ya maida ƙofar ya danna mata kafaɗa.

Kukan kwaɗi ya dawo gaba ɗaya. Daga bakin bututu ruwa na feshi cikin Shari, da ƙarfi, ba yankewa. A kan shinge maza suka ɗauki kabbara.

"Kina ji na, 'yata?" in ji Yunusu da Larabci.

Ta ce tana ji. Ta yi hamdala. Ta ɗauka ta tsira da komai.

Sai da ta isa Milezi. Kakarta Inno, wadda ta raine ta, tana zaune a tsakar gida tana jiranta da tuwo a rufe. Ta ɗago ta yi mata magana, fuska cike da faɗa da ƙauna. Bahijja ta ga leɓunanta na motsi. Abin da ya shiga kunnenta ƙarar ruwa ce, kamar ana tsiyaya tulu. Kuma a can cikin kanta, wajen kunnen hagu, wani abu ya gyara kwanciya.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti an ɗauki hoton kai. Likita ya ce bai ga komai ba. Larabcinta na nan, Faransancinta na nan, aikinta na nan daram. Hausa ce babu, ko kalma ɗaya. In an koya mata da safe, kafin azahar ta tsiyaye. Inno tana da Larabcin kasuwa, wanda ake tayi da shi a karɓi canji. Da shi suke magana yanzu. Kin ci? Na ci. Kin yi salla? Na yi. Sai su zauna suna kallon juna.

Famfunan ba su sake rikicewa ba. Masu kwangila suka zo suka gani, suka ƙara wa Baffa Lukumanu wasu unguwanni. Ya zo duba ta sau ɗaya, da ledar lemo. Ya zauna bakin kujera, ya gaya mata da Faransanci cewa ta gode wa Allah, tun da yaren aiki bai tafi ba, kuma in ta huta akwai sababbin alluna suna jira. Ta dube shi har ya tashi. Ba ta koma ofishin ba. Alamin kuma har yau sai matarsa ta yi magana yake sanin ita ce.

Bayan ruwa ya janye, labari ya zo daga Walia. Wasu masunta Hausawa da ke wucewa da magariba suka ce suna jin wata yarinya a ɗakin famfo, tana hira, tana waƙar kitso, alhali ƙofa na kulle da kwaɗo. Aka yi ta ɓoye wa Inno. Ta ji.

Yanzu duk Juma'a da la'asar Inno takan sa a tare mata mota. Yunusu ya daina hana ta. Yakan shimfiɗa mata tabarma a jikin bangon, ya tafi masallacinsa. Ita kuma ta jingina kunnenta da siminti, ta jira rana ta faɗi.

Bahijja ta bi ta sau ɗaya, ta tsaya nesa, wajen gidajen masunta. Ta hango tsohuwar tana gyaɗa kai, tana amsawa, tana nuna bangon da yatsa kamar mai faɗa. Can sai ta ga ta tuntsire da dariya, tana share ido da bakin zane. Rabon da Inno ta yi irin wannan dariyar a gida, Bahijja ta manta.

Ta tsaya har duhu ya rufe su. Ba ta san me muryarta ta ce ba da ya ba kakarta dariya.